Mai Ɗaurin Tsirkiya

Ina ɗan shekara tara na fara tsintar ƙwallo a Bompai,
ƙafa ba takalmi, siminti kamar bayan tanda.
Bature ya buga, Kwara ya mayar,
ni ina tsugune a gindin raga
ina jiran kuskuren wani, don shi ne abincina.
Sule guda in rana ta faɗi.
Ƙwallo fari ne a lokacin, raket kuwa katako.
Ba wanda ya koya mini ƙirgen,
kunne ne ya sato:
sha biyar, talatin, sai arba'in,
lissafin da ko a Kurmi ba a ciniki da shi.

Da dare, in masu wuri sun watse,
ni da Sallau da Obiora ɗan Sabon Gari
mu sassaƙe murfin akwatin sabulu,
mu ja igiyar shanya tsakanin darbejiya biyu,
mu yi ta dukan ƙwallon da ya yi sanƙo
har maigadi ya taso da tocila.

Sai masu wuri suka naɗe kayansu.
Raga ba ta bi su jirgi ba, layi ma haka.
Ranar da aka fara gasa da sunan garinmu
tun asuba nake zana fili, farar ƙasa har gira.
'Yan Akara suka iso a mota, kwana uku, ƙafa a kumbure.
Wani dogo daga Dakar, raket ɗaya tak gare shi,
tsirkiya ta tsinke masa a zagaye na biyu.
Ya dube ni. Ba Hausa, ba Turanci.
Na karɓa, na ɗaure da basilla da haƙori.
Ya ɗauki kofin, ya bar mini hularsa.
Ran nan na bar tsinta, na koma ɗauri.

Akwai shekarun da ba na son lissafawa.
Kamfanin da ke zuba kuɗi ya ja ƙofa,
injuna suka yi tsit a Sharaɗa,
ciyawa ta tsaga fili na uku,
awaki suka zama 'yan kallo.
Sallau ya koma sayar da taya a Ƙofar Ruwa.
Obiora ya tafi. Wasiƙa biyu, shi ke nan.
Ni na zauna, ba don na fi su haƙuri ba,
ban iya komai ba ne sai wannan.

Jiya Lantana, jikar Sallau, ta kawo mini waya:
ga Tunis, ga Alƙahira, ga Kigali mai jar ƙasa,
ko'ina an kafa raga ana raba maki.
Ta ce ita ce ta dubu da ɗari huɗu a duniya.
Na ce, a duniya kaf?
Ta ce, Baba, wannan ai baya ne.
Na ce, mu ko a jerin ba a sa mu ba.

Da dala ake biyan kyautar, in ji ta.
Dalar da na sani dutse ne, ba ya shiga aljihu.
Kuma tikiti ya fi kyautar tsada:
kafin ta kai ƙasar da ke maƙwabtaka da mu
sai ta kwana a benci a filin jirgin wasu.
Uwarta ta sayar da firiji. Ba su gaya wa Sallau ba.

Ta miƙo raket, ba nauyi, kamar ludayi.
Kilo ashirin da huɗu, Baba, kar ya wuce.
Na ce to. Ma'aunina ya mutu tun bara.
Na ja, na ɗaure, na buga a tafin hannu,
na kai kunne.
Na ƙara ja kaɗan.

A fili na ɗaya wani yaro na tsugune a gindin raga,
da takalmi a ƙafarsa,
leɓensa na motsi.